Gidan Kanta na Argungu, Zauren Tarihin Kabi

Kowane gidan Bahaushe mai mutunci yana da zaure. Nan baƙo ya kan tsaya ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa, a tambaye shi gajiya da labarin hanya. Nan kuma ya kan fara sanin gidan wanda ya sauka, da asalin mai gidan, da abin da a ke yi a gidan da wanda ba a yi. Wanda ya ƙi bi ta zaure ya haura ta katanga, ko da ya ga cikin gida sarai, ba a ce da shi baƙo, wani suna dabam a ke kiransa da shi.

Ƙasashen da suka daɗe suna karɓar masu yawon buɗe ido sun gane amfanin wannan. A bakin tsohon birni, ko wani dutse, ko tafki da mutane ke zuwa kallo, su kan gina ɗaki su sa ma'aikaci a ciki, su ajiye taswira da hotuna da kayan mutanen da, domin baƙo ya fara biyawa ta nan a ba shi labarin wurin kafin ya shiga. Aikin wannan ɗaki da aikin zaure duk ɗaya ne. A ƙasar Kabi wurin da ke yi mana wannan aiki shi ne Gidan Kanta na Argungu, watau tsohuwar fadar Sarkin Kabi wadda aka mayar gidan ajiye kayan tarihi. Nufina a nan in ba da labarin yadda gidan da aka gina cikin yaƙi ya koma wurin karɓar baƙi, in kuma faɗi dalilin da ya sa bai kamata mai zuwa Argungu ya wuce ƙofarsa ba.

Daga unguwar Nasarawa ta Birnin Kabi, wanda a takardun gwamnati a ke rubuta Birnin Kebbi, tafiyar mil 30 ce da 'yan kai, arewa maso gabas, a kan hanyar Sakkwato. Matafiyi zai bi gefen fadamar Gulbin Rima, wanda mutanen nan ke kira Gulbin Kabi, yana hangen gonakin shinkafa a hagunsa. Yau a mota ba ta kai sa'a guda ba. Amma akwai lokacin da wannan 'yar tazara ta ke iyakar ƙasashe biyu masu gaba da juna, mutum ba ya ƙetare ta sai da kwari da baka. In ba a san wannan ba, kayan da ke cikin Gidan Kanta ba za su ce wa mutum kome ba. Saboda haka bari mu koma baya tukuna.

Kanta da Surame

Masu ba da labarin Kabi sun ce mahaifin Muhammadu Kanta daga ƙasar Katsina ya fito, wajen Kuyambana. Sun ce Kanta ya tashi yana kiwon shanu, ya shahara wajen dambe da kokawa har ba mai karawa da shi, samari suka taru gare shi, ya zama shugaban mayaƙa. A wannan zamani babbar daula a yammacin ƙasar Hausa ita ce Songhai, wadda sarkinta Askiya Muhammadu ke zaune a Gao, bakin Kwara. Wajen 1515 Askiya ya kai yaƙi Agadas, Kanta yana cikin rundunarsa. Da aka komo sai rigima ta tashi a kan rabon ganima, Kanta ya ga an yi musu ƙwauro, ya yi tawaye wajen 1516. Aka aiko runduna don a tanƙwara shi, ya kore ta. A cikin shekarun 1530 wani Askiya, Muhammadu Bankan, ya sake gwadawa, shi ma ya koma da kunya. Tun daga nan Kabi ta tsaya da ƙafarta tsakanin manyan dauloli biyu, Songhai a yamma da Barno a gabas.

Wannan labari ba a bakin maroƙa kaɗai ya ke ba. Yana cikin Tarihus Sudan, littafin da Abdurrahman Sa'adi, malamin Tumbutu, ya rubuta wajen 1655. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya kawo labarin Kanta cikin Infaƙul Maisuri, ko da ya ke zuriyar Kanta abokan gabarsa ne.

Kanta ya gina birane, Gungu da Leka da Surame, ya mai da Surame babban birninsa. Ganuwar Surame da duwatsu aka gina ta haɗe da ƙasa, abin da ba a saba gani a ƙasar Hausa ba, inda ganuwa ta ƙasa zalla ta fi yawa. An ce ya tilasta wa Azbinawa su ɗauko ruwa a raƙuma tun daga ƙasarsu don kwaɓa ƙasar ginin, domin su san wanda ke iko. An kuma ce yana da jirgin ruwa da aka lulluɓe da tagulla, wanda ya kan shiga ya zaga ƙasarsa in gulbi ya kawo. Ko waɗannan labaru sun faru yadda a ke faɗinsu, ko an yi musu ƙarin gishiri, suna nuna mana abu guda: ƙarfin Kabi a kan ruwa ya ke. Fadamar nan mai ba da kifi da shinkafa ita ce rumbun Kabawa, ita ce kuma garkuwarsu, don dawaki ba su iya ratsa ta da damina.

Wajen tsakiyar ƙarni na 16 Kanta ya kara da rundunar Barno. A kan hanyarsa ta komowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, ya rasu, aka ɗauko gawarsa zuwa Surame. 'Ya'yansa da jikokinsa suka riƙe ƙasar fiye da shekara 100 tana da ƙarfi. Amma daga ƙarshen ƙarni na 17 sai maƙwabta suka taso mata, Azbinawa da Zamfarawa da Gobirawa, kowa ya yagi rabonsa. Aka bar Surame ta zama kufai. Wajen 1715 Sarkin Kabi Tomo ya gangaro kudu ya kafa Birnin Kabi a kan tudu, bakin fadama.

Faɗuwar Birnin Kabi

Birnin Kabi ya yi shekara 90 yana babban birnin Kabawa. A 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, jihadi ya tashi. A 1805 ƙanensa Abdullahi ya ja runduna ya ci Birnin Kabi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita da waɗanda suka bi shi. Aka naɗa Usmanu Masa, wani ɗan sarautar Kabi da ya bi jama'a, a madadinsa. A wannan shekara Shehu ya koma Gwandu da zama. Kafin shekarar ta ƙare sai Gobirawa da Azbinawa da Kabawa suka haɗa kai, Usmanu Masa ma ya juya, aka gamu a Alwasa, tsakanin Birnin Kabi da Argungu. Jama'ar Shehu ta yi hasarar mutane masu yawa ran nan, amma da abokan gaba suka bi su har Gwandu sai aka kore su. Malam Abdullahi ya ba da labarin waɗannan yaƙe-yaƙe cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Da aka raba lura da ƙasashen jihadi, yamma ta faɗo hannunsa, Gwandu ta zama hedkwata. A nan ya rasu a 1829, hubbarensa yana can.

Kabawa kuwa ba su sallama ba. Hodi ya yi ta yaƙi fiye da shekara 20 har aka kashe shi a 1826. Ɗan'uwansa Sama'ila, wanda aka fi sani da Karari, ya gaje shi, ya zauna Argungu. Mutanen garin su kan ce sunan ya samo asali ne daga kiran da a ke yi wa juna, "Ar, mu yi gungu," watau mu taru wuri ɗaya. A 1831 rundunar Sakkwato da ta Gwandu suka haɗu a kan Argungu, garin ya faɗi, aka kashe Karari, aka kama ɗansa Yakubu Nabame. Kowa ya ɗauka zancen Kabi ya ƙare.

Argungu ta tashi

Nabame ya yi shekara 18 a tsare, akasari a fadar Sakkwato. An ce a wani yaƙi ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba, saboda haka aka yarda da shi, aka bar shi ya koma gida. A 1849 ya ɗaga tutar tawaye a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka goya masa baya. Shi ne a ke danganta ginin tsohuwar fadar Argungu gare shi, wadda mu ke zancenta. Bai daɗe ba, a 1854 aka kashe shi a fagen fama. Wanda ya gaje shi, Yusufu Mainasara, shi ma a hannun abokan gaba ya rasu a 1859. Amma daga 1849 har zuwan Turawa ba a sake cin Argungu da yaƙi ba.

A cikin wannan hargitsi ne Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarimu, ya ratso ƙasar a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Ya sauka Gwandu, Sarki Halilu bai yarda sun gana ba. Amma a nan wani malami ya ara masa Tarihus Sudan, ya zauna kwana da kwanaki yana kwafar abin da ya iya. Ka ga ikon Allah: littafin da ya kai labarin Kanta ƙasar Turai a garin abokan gabar jikokinsa aka same shi. Daga Gwandu Barth ya biyo ta Birnin Kabi, ya tarar mutane kaɗan ne ke zaune cikin tsohuwar ganuwa mai faɗi. Argungu kuwa bai je ba, don hanya ba ta biyuwa.

Sarakunan Gwandu suka yi zaman ribaɗi a Ambursa, wadda matafiyi ke wucewa yau jim kaɗan bayan ya bar Birnin Kabi, suna fuskantar Kabawa. A zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga aka yi sulhu a 1867, wanda har yanzu a ke kira Lafiyar Toga. Shekara 8 aka yi ana noma da fatauci ba fargaba, sa'an nan a 1875 aka koma gidan jiya. A 1883 Sama'ila ɗan Nabame ya hau gadon sarauta. Mayaƙi ne ƙwarai, ya ƙone garuruwa da yawa na ƙasar Gwandu da Sakkwato. Wajen 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya taso da babbar runduna don ya gama da Argungu gaba ɗaya, Sama'ila ya fito ya tarye shi a fili, ya kore shi.

Wannan yaƙi na shekara da shekaru ba wanda ya ci ribarsa. Ƙauyuka sun tashi, an kama 'ya'yan mutane bayi ta kowane gefe, gonaki sun koma daji. Kuma da Turawan Ingila suka iso Argungu a 1902, Sama'ila ya karɓe su ba tare da yaƙi ba, yana ganin ya sami mataimaka a kan tsofaffin abokan gaba. A watan Maris 1903 Sakkwato ta faɗi. Amma da Ingila da Faransa suka ja iyaka tsakaninsu, sai yawancin ƙasashen da suka yi tawaye tare da Nabame, su Doso da wani sashe na Arewa da Dandi, suka faɗa hannun Faransa. Sarkin Kabi ya tashi da ƙasar da ba ta kai wadda ya ke tsammani ba. Birnin Kabi ma, garin kakanninsa, bai komo hannunsa ba, don a farkon zamanin Turawa nan aka mai da mazaunin Sarkin Gwandu, kuma nan ya ke har yau. A ran 27 ga Agusta 1991 garin ya zama babban birnin Jihar Kebbi.

Fada ta zama gidan tarihi

Sarakunan Kabi suka ci gaba da zama a tsohuwar fada har 1942, sa'ad da aka gina sabuwa a zamanin Sarki Muhammadu Sani. Tsohon gida ya zama ba kowa. Abin da ya saba faruwa ga gidan ƙasa in an tashi daga cikinsa kowa ya sani: damina biyu ko uku, azara ta ruɓe, soro ya rufta, a yanka filin a yi rumfunan kasuwa. Gidan kuwa yana maƙwabtaka da babbar kasuwar garin. Abin da ya tsare shi shi ne kushewun sarakunan da ke kwance a cikinsa, don ba mai tashin gidan da iyayensa ke ciki.

A lokacin nan kuma tunanin ajiye kayan da ya fara shiga Nijeriya. An buɗe gidan tarihi na Esie a 1945, na Jos a 1952, na Ikko a 1957, an kuma kafa dokar kare kayan tarihi a 1953. Mutanen Argungu ba su tsaya jiran a zo daga nesa a kwashe kayansu a kai wani gari ba. A ran 1 ga Yuli 1958, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Shehe, aka buɗe tsohuwar fada ta zama gidan tarihi, aka sa mata sunan Kanta. Wannan ya sa tana cikin gidajen tarihi na farko a Arewa, tun kafin a sami mulkin kai.

An kasa gidan kashi 11. Mai shiga zai ga masu da takubba, da kwari da baka, da bindigogin toka, da layu da guraye irin waɗanda mayaƙa ke ɗaurawa, da tambura da gangunan da a ke kaɗawa in za a fita. Ba a kawo waɗannan kaya daga wata ƙasa ba, ba a kuma ƙera su don nuni ba. A garin aka yi aiki da su, a gidan aka ajiye su, jikokin masu su suna kasuwa a bayan katanga. Wannan shi ne fifikon Gidan Kanta a kan ɗakin nuni da a kan gina sabo fil a zuba kaya a ciki: ginin kansa yana cikin abin kallo. Kaurin bango, da ƙanƙantar ƙofofi, da yadda zaure ke bin zaure kafin a kai ciki, duk suna gaya maka cewa mutanen da suka gina shi ba su kwana da ido biyu rufe ba.

Amma mashi ba ya magana. In mutum ya shiga shi kaɗai, zai ga ƙarfe mai tsatsa ya fito cikin minti 10 yana cewa ya gani. Sai ya bi mai jagora a hankali, yana tambaya, sa'an nan zai san wane sarki ne ke kwance a nan, a wane yaƙi ya faɗi, don me a ke kaɗa wannan tambari ba wancan ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, gaskiya ne, amma a gidan tarihi gani da ji tare su ke tafiya. Baƙo ko da idonsa makaho ne, sai ɗan gari ya ja masa gora.

Matan Fada

Yawancin waɗanda suka san sunan Argungu a duniya ta wajen bikin kamun kifi suka san shi. Su kan zo su cika garin, su tsaya bakin Matan Fada, wani reshe na gulbi da a ke hana su a cikinsa sai ran biki. A ba da alama, dubban masunta su ruga cikin ruwa da homa da gora, cikin kamar sa'a guda a fito da manyan giwan ruwa a kai ma'auni. Baƙi su yi tafi, su ɗauki hoto, su hau mota su koma. Kaɗan ne daga cikinsu ke tambayar mafarin abin.

Su dai al'ada ce ta Kabawa tun fil azal, suna da Sarkin Ruwa da sauran masu sarautar gulbi, suna da Gyaran Ruwa da Fashin Ruwa da su kan yi kafin a buɗe su na shekara. Amma bikin da a ke yi yanzu daga 1934 ya faro. A wannan shekara Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarye shi. Kafin wannan, in Sarkin Musulmi ya doshi Argungu da runduna ya ke zuwa. Wannan karo ya zo baƙunci, ya kwana. Kabawa suka rasa abin da za su girmama shi da shi wanda ya fi abin da suka gada, sai suka shiga ruwa suka yi masa su. Waɗanda suka tsaya kallo ran nan, a cikinsu akwai tsofaffin da suka ga yaƙin 1892 da idonsu, wataƙila ma waɗansu sun harbi juna.

Bikin ya yi ta girma. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta. Bayan na 2009 aka dakatar da shi shekara 10 saboda rashin kwanciyar hankali a Arewa, aka komo da shi a watan Maris 2020, inda kifin da ya ci ya kai kilo 78. A 2016 kuwa hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun da 'yan Adam suka gada waɗanda ya kamata a kiyaye.

To, ka ga dangantakar wuraren nan biyu. Makaman da ke rataye a Gidan Kanta su ne aka ajiye kafin a sami damar yin wasa a Matan Fada. Wanda ya ga bikin bai shiga gidan ba, ya ga murna bai san abin da a ke wa murna ba. Shekara 10 da aka yi ba biki kuma ta tuna mana cewa zaman lafiyar da aka ƙulla a 1934 ba abin da za a ɗauka da wasa ba ne. In hankali ya tashi, wasa ne ke fara tsayawa.

Abin da ya rage gare mu

Akwai masu cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, don me za a riƙa nuna wa yara makaman da kakanninsu suka kashe juna da su? Amsa ita ce, yaran za su ji labarin ko an so ko an ƙi. In ba su ji shi a gidan tarihi daga bakin wanda ya sani ba, za su ji shi a dandali ta hanyar gori, rabi gaskiya rabi ƙarya. Yau Bakabe da Bafillace aji ɗaya su ke zama a makaranta, ofis ɗaya su ke aiki a Birnin Kabi, sun yi auratayya har ba a iya rabewa. Abin da zai amfane su shi ne su san irin tsadar da aka sayi wannan zama.

Saboda haka shawarata ga mai ziyara kada ya tsaya Argungu kaɗai. Labarin gulbin nan baki biyu gare shi. A Argungu zai ji labarin mutanen da aka kora daga birninsu suka ƙi sallama ƙasar iyayensu. In ya je Gwandu ya tsaya a hubbaren Malam Abdullahi, zai ji labarin malamin da ya bar littattafai masu yawa na fiƙihu da tafsiri da nahawu da shari'ar mulki, wanda har ya taɓa barin rundunar jihadi ya nufi gabas don ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mutane, sai mutanen Kano suka tsai da shi. Kowane gefe yana da mazajensa da abin da ya ke alfahari da shi, kowane gefe kuma ya zub da hawaye. Alƙali ba ya yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya, mai neman tarihi ma haka.

Wanda ya sami hali kuma ya ƙarasa Surame, wadda yanzu ta faɗa cikin Jihar Sakkwato. Gwamnati ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma aka miƙa sunanta ga UNESCO cikin jerin wuraren da a ke neman a karɓa. Ba gari a wurin, sai ragowar ganuwa da kukoki cikin daji. Wanda ya je ba da sani ba, tarin duwatsu zai gani. Wanda ya fara biyawa ta Gidan Kanta ya ji labari, in ya tsaya a kan ganuwar nan zai san a kan me ya ke tsaye. Kufai irin wannan shi ya fi kowane wuri bukatar zaure da mai jagora, don ba mazauna da za a tambaya, kuma dutsen da ba mai tsaronsa wata rana a harsashin ɗakin wani za a same shi.

Ziyara tana da ladabi. Gidan Kanta makwancin sarakuna ne, sai a shiga da sallama da natsuwa, a yi musu addu'a. Kada a taɓa kaya, don gumin hannu yana cin ƙarfe da fata. A nemi izini kafin a ɗauki hoto. A yi tambaya, matambayi ba ya ɓata. Malaman makaranta kuma su riƙa kai almajiransu a ranakun da ba biki, sa'ad da gidan ya ke shiru, mai jagora yana da sukunin yin bayani.

Masu riƙon irin waɗannan gidaje a ko'ina su ma da nasu nauyin. Ginin ƙasa yana son yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Gara ba ta san kwarin sarki ba, asu bai san rigar yaƙi ba. Ya kamata kowane abu a rubuta shi a littafi da sunansa da asalinsa, a sa masa bayani da Hausa, boko da ajami, ba da Turanci kaɗai ba, domin manomin da ya shigo daga ƙauye ya karanta da kansa. Abin da ya fi gaggawa kuwa shi ne tsofaffi. Makaɗan fada da masu sarautar ruwa da dattawan da suka ji labari daga bakin waɗanda suka ga zamanin Sama'ila suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Yau ko da wayar hannu a kan ɗauki magana. In aka yi sakaci suka tafi da abin da ke cikinsu, za a bar mu da masu da tambura ba mai gaya mana na wane ne.

Mutanen 1958 sun yi nasu, sun hana gidan faɗuwa, sun buɗe ƙofarsa ga kowa, har da jikokin waɗanda aka gina shi don tsoronsu. Saura mu. Duk wanda hanya ta kai shi Argungu, ko don biki, ko don cinikin shinkafa, ko wucewa kawai zuwa Sakkwato, ya rage sa'a guda ya biya ta zauren nan ya yi sallama. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, na Argungu da na Gwandu baki ɗaya, ya kuma dawwamar da zaman lafiya a bakin Gulbin Kabi, amin.